Rajistar ƙabilanci da ƙyamar baƙi a Kaduna: me za a rubuta, wa zai tantance?

Malam Sani:
Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Ina so mu ƙarasa maganar fom ɗin da masu sa ido a unguwanni za su riƙa cikewa idan an nuna wa wani ƙabilanci ko ƙyamar baƙi. Abin da aka tsara zuwa yanzu: rana da lokaci, unguwa da ƙaramar hukuma, abin da aka faɗa ko aka aikata daki-daki, matsayin wanda ya yi (mai gida ne, dillali, ma'aikaci, mai wa'azi ko ɗan siyasa), wanda aka yi wa, shaidu, da inda aka kai kuka. Abu biyu ne ba a daidaita a kansu ba. Na farko, duk abin da mutum ya kawo za a rubuta, ko sai an tabbatar? Na biyu, idan an tara, ina za a kai?

Baba Ayuba:
Barka da yamma, Malam. Ni a ganina sai an tabbatar. Garin nan ba ya ɗaukar wasa da irin wannan. A Oktoban 2018 rikicin Kasuwan Magani ya ci mutum 55 bisa ƙidayar 'yan sanda, kuma cikin 'yan kwanaki jita-jita ta kawo shi cikin birni har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Rajistar da ke ɗaukar ji-ta-ji-ta tana iya zama ita ce ashanar.

Ladi:
Baba, damuwarka tana kan hanya, amma a raba abu biyu: karɓa daban, bugawa daban. A wajen karɓa a buɗe ƙofa sosai. Ingila ta koyi wannan da tsada. Bayan kashe matashin nan baƙar fata Stephen Lawrence a Landan a 1993, rahoton binciken kisan, wato rahoton Macpherson na 1999, ya kawo ƙa'idar cewa duk abin da wanda aka yi wa, ko wani mutum daban, ya ɗauka wariya ce, to a rubuta shi a matsayin haka, bincike ya biyo baya. Dalili kuwa, idan aka bar wa mai karɓar ƙara ikon cewa "wannan ai ba ƙabilanci ba ne" tun daga kan kanta, rabin abin ba zai taɓa shiga littafi ba.

Don haka kowane rahoto ya sami ɗaya daga matakai uku. Mataki na ɗaya, an kawo, baki ɗaya ne. Na biyu, an sami shaida ta biyu da ba ta ji daga ta farko ba, ko takarda, ko murya. Na uku, an ji ta bakin wanda ake zargi, ko an ba shi dama ya ƙi magana. Abin da zai fita waje sai na biyu da na uku. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne mataki na biyu: mutum biyar su kawo labari ɗaya, a ɗauka shaidu biyar ne, alhali duk saƙon murya ɗaya suka saurara a WhatsApp. Shi ya sa dole fom ya ƙunshi tambayar "ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi? Wa ya gaya maka?"

Baba Ayuba:
To idan haka ne na yarda, 'yata. Amma a rubuta a ƙa'ida cewa mataki na ɗaya ba ya barin hannun masu tantancewa.

Barista Hadiza:
Bari in taɓa tambaya ta biyu, domin inda za a kai shi ke nuna irin shaidar da za a tara tun farko.

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 41 ya ba shi 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasa, na 43 kuma 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina. Amma a karanta 42 da kyau. Ƙaramin sashensa na farko yana magana ne a kan doka ko matakin gwamnati. Ke nan idan ofishin gwamnati ko makarantar gwamnati ta hana mutum abu saboda asalinsa, ƙarar tana da ƙafafu. Idan kuwa mai gida ne ya ce ba ya ba Bafulatani ko Ibo haya, to hanyar ta yi ƙunci, sai lauya ya jingina da ƙaramin sashe na biyu, wanda ya hana tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Da shi Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'ya mace gadon mahaifinta a shari'ar Ukeje a 2014. Kada a yi wa mutane alkawarin cewa kowane ƙorafin haya zai ci nasara a kotu.

Yadda ake shigar da ƙarar ba wuya. Sashe na 46 ya ba Babbar Kotu hurumi, kuma ƙa'idojin 2009 na kare haƙƙin ɗan'adam sun sauƙaƙa: takardar buƙata, bayanin abin da ake nema, takardar rantsuwa mai ɗauke da abin da ya faru, da hujjar lauya a rubuce. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani. Ba a cewa lokaci ya wuce, kuma ƙungiya tana iya shigarwa a madadin mutum. Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne takardar rantsuwa mai cike da "na ji an ce". A saka rana, a saka ofis, a saka kalmomin da aka furta, a liƙa rasit ko wasiƙar ƙi.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofis a nan Kaduna kuma ba a biyan ko kwabo wajen kai ƙorafi. Idan zaluncin ofis ne, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Idan alamar rikici ce ke tasowa tsakanin al'ummomi, Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017 ita ce ƙofa mafi kusa, tare da DPO na yankin da mai unguwa.

Ishaku:
Barista, na gode da wannan bambancin. Shi ya sa nake cewa maganar haya ita ce zuciyar aikin nan, duk da ba ta da ƙara kamar zagi a Facebook. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin nan ya rabu, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Kawo, Rigasa, Tudun Wada a gefe guda. Sabon Tasha, Television, Narayi, Gonin Gora a ɗaya gefen. Wasu tsoro ne ya kai su inda suke, wannan gaskiya ne. Amma yau abin da ke riƙe da rabuwar shi ne kalma ɗaya ta bakin dillali: "an riga an kama." Ba wanda zai kawo maka wannan a matsayin ƙorafi, domin shi kansa bai san ƙarya aka yi masa ba.

Hanyar gano shi ita ce gwajin mutum biyu, wanda aka daɗe ana yi a Amurka a harkar gidaje. A zaɓi gidajen da aka tallata, a ce 30 a arewacin kogi, 30 a kudanci. Mutum biyu su kira a kan gida ɗaya. Komai nasu iri ɗaya: aiki ɗaya, yawan iyali ɗaya, kuɗin da za su iya biya ɗaya, tambayoyi ɗaya a rubuce a gabansu. Suna kaɗai ya bambanta. Tazarar kiran kada ta wuce awa biyu, don kada a ce a tsakani aka kama gidan. A riƙa juya wanda ke fara kira, yau wannan gobe wancan. Kowa ya cike takardarsa nan take ba tare da ya ji ta ɗan'uwansa ba: an ce akwai ko babu, nawa aka faɗa, an gayyace shi ya zo ya gani, an tambaye shi "kai ɗan ina ne" ko "wane coci" ko "wane masallaci".

Kurakuran da ke ɓata gwajin guda uku ne. A canza abu biyu lokaci guda, misali ɗaya gwauro ɗaya magidanci, sai a rasa ko ƙabila ce ta jawo ƙin ko rashin aure. A yi amfani da lamba ɗaya ko mutum ɗaya sau da yawa, dillalai kuwa sun san juna, kwana biyu za su gane. Na uku, a yi gwajin a gefe ɗaya na kogi kawai. Wanda ya yi haka ya riga ya yanke hukunci kafin ya auna.

Malam Bello:
Wannan na ƙarshen shi ne nawa. Laifi tudu ne, kowa na taka nasa ya hango na wani. Mu nan muna saurin kawo rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021, da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris ɗin 2025, da yadda "aboki" ta koma zagi a kudu, kuma duk gaskiya ne, ciwo ne da bai warke ba. Amma a nan Kaduna, a Gidan Arewa, aka tsaya ranar 6 ga Yuni 2017 aka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, sai daga baya aka janye. Rajistar da za ta rubuta "aboki" ta tsallake "arne" da "inyamuri", ko ta rubuta waɗannan ta tsallake mai cewa kowane Bafulatani ɗan bindiga ne, ba za ta yi wata shida ba kafin a ce ta wani ɓangare ce. Shawarata, kowane rahoto mutum biyu su karanta shi, kowa shi kaɗai, kuma kada su fito daga al'umma ɗaya. Inda suka saɓa, na uku ya raba.

Hajiya Binta:
Malam Bello, a ƙara da harshe. Idan masu sa ido Hausa da Turanci kawai suke ji, to abin da ake faɗa da Fulatanci, Tyap, Jju, Adara, Gbagyi da Turancin buroka ya wuce su. Sakamakon sai ya nuna kamar masu magana da Hausa ne kaɗai ke zagi, alhali su kaɗai ake ji. Kuma a daina dogara da jerin kalmomi. Kalma ɗaya tana iya zama wasa tsakanin Bafulatani da Babarbare ko tsakanin taubasai, ta zama wuƙa a bakin wani. Akwai kuma habaici da ba ya ɗauke da kalmar zagi ko ɗaya: "mutanen nan", "baƙin da muka saukar", "a tsabtace gari". Inji ba ya kama wannan, sai ɗan gari.

Ladi:
Hajiya ta kawo mu kan ma'auni. Ba kowace mummunar magana ce ke da nauyi ɗaya ba, kuma idan aka zuba su a kwando ɗaya, mai haɗarin za ta ɓace a cikin tarin zage-zage. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'auni shida da aka amince da su a Rabat a 2012: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da maganar ta ƙunsa da sigarta, iya inda ta kai, da yiwuwar ta jawo ɓarna. A aikace ga yadda yake. Yaro mai mabiya 40 ya yi zagi a ranar da gari ke lafiya, a rubuta a wuce. Mai wa'azi ko ɗan siyasa ya kamanta wata ƙabila da ƙwari ko macizai, ya ambaci unguwa, a ranar da ake jana'izar waɗanda aka kashe, wannan ba ya jiran rahoton wata, cikin awa ɗaya za a kira waɗanda ya kamata. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda da kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai ya yi aikinsa a kisan ƙare dangi na 1994. Alamomi uku ne ke ɗaga magana zuwa saman jeri: mayar da mutane dabbobi, cewa "suna shirin kawo mana hari, mu riga su", da faɗin wuri ko lokaci.

Malam Sani:
To wannan na saman jeri, a kai shi ga 'yan sanda ke nan? Barista, akwai dokar da ta kama shi kai tsaye?

Barista Hadiza:
Akwai, Malam. Sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya yi magana a kan wariya da ƙyamar baƙi da sunansu: yaɗa irin waɗannan abubuwa ta kwamfuta, yin barazana ko zagi a bainar jama'a saboda launi, asali ko ƙabila, da halasta kisan ƙare dangi. Hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun.

Sai dai shaidar ce ke faɗuwa. Hoton fuskar waya shi kaɗai ba ya isa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar satifiket da ke bayyana na'urar da aka ciro abin daga cikinta, yadda aka ciro, da cewa tana aiki daidai, da sa hannun mai kula da ita. Don haka mai sa ido ya ɗauki hoton da ke nuna sunan shafin, rana da lokaci, ya kwafi adireshin rubutun kansa, ya ɗauki bidiyon allo yana buɗe shafin daga farko, ya adana asalin fayil ɗin murya ba wanda aka sake naɗa ba. Kada ya yanke hoton, kada ya zana jan da'ira a kan na asali, ya yi a kan kwafi. Kuma a yi duk wannan kafin a kai rahoto ga Facebook, domin da zarar sun sauke rubutun shaidar ta tafi da shi.

Ishaku:
Barista, a nan zan ɗan ja da baya. Dokar nan tana da tarihi. Sashe na 24 nata an yi ta kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka gyara shi a 2024. Ƙudurin kalaman ƙiyayya na 2019 mai hukuncin rataya ma mutane sun ƙi shi ne don tsoron wa zai riƙe igiyar. Idan rajistar nan ta zama mai kai sunaye caji ofis, gobe wani mai mulki zai nemi ta kai masa na abokan hamayyarsa.

Barista Hadiza:
Ban ƙi ta taka ba, Yaya Ishaku. Shi ya sa zan ce 'yan sanda sai a abu biyu kawai: barazana ga rai, da kiran a kai hari. Sauran a bi ta hanyar gyara, wato a sami wanda mai maganar ke jin nauyinsa, limaminsa, fastonsa, shugaban ƙungiyarsu ta kasuwa. Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a garin nan, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun daɗe a kanta, kuma da ita aka kai ga sanarwar zaman lafiya ta shugabannin addini a Agustan 2002. Sannan sunaye kada su zauna a fayil ɗaya da rahotanni. Kowane rahoto lamba, jerin sunayen a wani wuri mai makulli, mutum biyu kawai ke da shi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa ƙabila da addinin mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka sai da yardar mai ƙorafi, kuma a rubuta cewa ya yarda.

Hajiya Binta:
Akwai waɗanda ba a ambata ba tukuna: baƙi na haƙiƙa. 'Yan Nijar masu ga-ruwa, masu gadi da masu shayi, da 'yan Chadi da Kamaru. Su ne ba sa kai ƙara ko an cuce su, domin suna tsoron a tambaye su takarda.

Barista Hadiza:
Gaskiya ne Hajiya, kuma sashe na 42 ɗan ƙasa kawai ya ambata. Su abin da ke kare su shi ne Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, wadda ta zama dokar Najeriya tun 1983. Sashenta na 2 ya ce kowane mutum, ba kowane ɗan ƙasa ba, kuma na 12 ya haramta korar baƙi a dunƙule. A fom kada a saka tambayar "kana da takardar zama?" ko kaɗan. Ranar da aka ji ana tambayar haka, ba wanda zai sake zuwa.

Baba Ayuba:
Mu da muka ga 1983 mun san abin da kuke faɗa. Gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, Ganawa suka fi yawa, har jakar nan ta "Ghana Must Go" ta samo suna daga abin. Kafin nan Gana ta kori namu a 1969. Da aka far wa baƙi a Afirka ta Kudu a 2008 mutum 62 suka mutu, a 2019 kuma sai da jirgin Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya kyauta. Zargin da aka yi wa namu a can, sun ƙwace ayyuka, su ne masu laifi, shi ne kalma da kalma abin da ake faɗa a kan ɗan Nijar a nan idan an yi sata a layi. A sa wannan a horon masu sa ido, su gane zargin idan sun ji shi da Hausa.

Ladi:
Saura gargaɗi ɗaya a kan alƙaluma, don shi ne zai fi jawo mana rigima ranar fitar da rahoto. Yawan rahoto ba yawan laifi ba ne. Tarayyar Turai ta kafa cibiyar sa ido kan wariya da ƙyamar baƙi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1997, ta koma hukumar kare haƙƙoƙi a 2007, kuma matsalar da ta yi ta fama da ita ke nan: ƙasar da ke rubutawa da kyau sai ta fito kamar ta fi kowa laifi, wadda ba ta rubuta komai ta fito fes. Haka zai faru a nan. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Idan masu sa ido goma suna Kaduna ta Kudu, ɗaya tak a Birnin Gwari, jadawalin zai ce Kaduna ta Kudu ta fi ƙabilanci, kuma ƙarya ne. Don haka kusa da kowane adadi a rubuta masu sa ido nawa ne a wurin, kwana nawa suka yi aiki. Kada a jera unguwanni daga mafi muni zuwa mafi kyau. A kwatanta wuri da kansa, wannan wata da watan jiya, da ma'aikata iri ɗaya.

Malam Bello:
A rahoton da za a buga, za a faɗi ƙabilar wanda ya yi da wanda aka yi wa? Ni ina ganin idan ba a faɗa ba, an ɓoye ainihin abin.

Baba Ayuba:
Ni kuma ina ganin idan an faɗa, kowa zai buɗe shafin da ya shafe shi kawai ya ɗauki hoto ya yaɗa.

Ladi:
A adana shi a ciki, dole, in ba haka ba ba za a ga salon abin ba. A waje kuma a rarraba bisa nau'i: haya, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ɗaukar aiki, gurbin makaranta, shingen bincike a hanya, kalaman intanet. A ƙarƙashin kowane nau'i a kawo misalai daga ɓangarori daban-daban, an cire suna da layi. Gwajin haya kuwa dole a faɗi sunayen da aka gwada, amma sakamakon gefe biyu na kogi ya fito a shafi ɗaya, jadawali ɗaya, yadda ba za a iya yanke rabi ba.

Malam Bello:
Na haya na yarda. Na takardar asali ban gamsu ba, domin a can ƙabilar ita ce maganar gaba ɗaya: wanda aka haifa a Kaduna, aka haifi ubansa a Kaduna, a ce masa ya koma garin kakansa ya karɓo. Idan ba a faɗi su wa ake yi wa haka a wace ƙaramar hukuma ba, shugaban ƙaramar hukumar zai ce ba a wurinsa ba ne.

Malam Sani:
To a bar wannan a buɗe zuwa zaman Asabar. Barista, a taimaka da samfurin satifiket ɗin sashe na 84 da takardar yardar mai ƙorafi, Hausa da Turanci. Ishaku, ka rubuto tambayoyin da masu kiran dillalai za su riƙe. Hajiya, muna buƙatar sunayen harsunan da ba mu da mai jin su tukuna, a fara da Adara da Fulatanci.